Kananzir a Butar Baffa Dabo

Kai ma ka gani, kada ka ce ba ka gani ba. Ka sha shiga gidan da rijiya take nan, ramin masai yana maƙale da ita, ka ga ƙasar da ke tsakaninsu ta yi danshi a tsakiyar rani, har gansakuka ta fito. Me ka yi? Ka ɗage ƙafar wandonka ka tsallake. Aka kawo maka ruwa a kwanon sha, ka yi bisimilla ka shanye, ka ce Allah ya yi albarka. Wataƙila ma gidan naka ne. To zauna ka ji abin da irin wannan tsallakewa ta kusa yi wa Amatullahi, 'yar yayata Murjanatu, yarinyar da a lokacin ko makarantar allo ba a sa ta ba.

Gidanmu yana cikin garin Daura. Mai gidan shi ne Baffa Dabo, yayan mahaifinmu marigayi, bafataken dabbobi da ba ya fashin kasuwar Mai'adua. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu ita ce shekarar da ya sauke farali. Ya dawo da haƙorin Makka da dardumai, da kuma buri guda: sai ya yi masai na tangaran irin wanda ya gani a masaukinsu, wanda ake kwara wa ruwa ya tafi da komai.

Aka kira birkila. Filin da ya rage a gidan shi ne lungun bayan ɗakin Yaya Murjanatu, wadda ta dawo gida da 'yarta bayan rasuwar mijinta. A nan aka haƙa sokawe, wato ramin da bututun masai ke kai wa ƙazanta. In ka tsaya a bakin rijiyarmu ka miƙa sandar kiwo, sai ta taɓa murfinsa. Ni a lokacin ina makarantar koyon aikin tsaftar muhalli. Da na dawo hutu na ga aikin, sai na nufi wurin Baffa.

"Baffa, ramin nan ya yi wa rijiya kusa."

Yana zaune a dakali yana jan carbi. Ya dubi abokan hirarsa yana murmushi. "Ga Duba-gari ya dawo. Suhaibu, an shafe ramin nan da siminti ciki da waje. Siminti yana yoyo ne?"

"Yana tsagewa, Baffa."

"In ya tsage ƙasa ta tace. Ƙasa ba abin da ba ta tacewa. Kakanka da ya haƙa rijiyar nan bai je makarantarku ba, ya kuwa mutu da haƙoransa cif."

Aka yi dariya. Magana ta ƙare a nan, don a gidanmu in aka yi dariya an yanke hukunci ke nan.

Mutanen gidan suka ɗauki masan nan kamar rami marar iyaka. Goggo Haulatu, matar Baffa, a nan take kwara ruwan wanke-wanke da maiƙonsa da ƙanzonsa. Ledar garin sabulu, tsumma, totuwar masara, duk ciki. In na yi magana ta ce, "Ba an ce yana tafiya da komai ba?" Bai daɗe ba ya toshe, ruwa ya dawo sama yana kallon kowa. Na ce a kira mai gyaran famfo ya buɗe bututun ta inda aka bar masa ƙofa. Baffa ya ce aikin da rodi zai yi ba sai an tara jama'a ba. Ya ɗauko rodin gini, ya naɗe hannun riga, ya yi ta zungura yana nishi. Can sai muka ji ƙas! a ƙarƙashin ƙasa, ruwan ya wuce zuuu. Goggo ta yi guɗa. Baffa ya jefar da rodin a gabana.

"Rubuta wannan a jarrabawarka."

Daga ranar masai bai ƙara toshewa ba. Sokawe bai taɓa cika ba. Abin da ya fi daɗaɗa wa Baffa rai kuma, rijiyarmu da kan ja baya da rani har sai an ƙara wa guga igiya, a wannan shekarar ba ta ja ba. Ya riƙa faɗa a dakali cewa rijiyarsa ta ƙara ido tun da ya dawo daga Makka.

Na ce, "Baffa, gida guda yana zuba ruwa da ƙazanta a rami kullum, ramin bai cika ba. Ina abin yake zuwa?"

"Inda Allah ya kai shi."

"Rijiya kuma ta ƙaru babu ruwan sama. Daga ina?"

"Daga inda Allah ya kawo shi. Kai yaron nan, boko ya hana ka ganin albarka."

Wannan fa mutum ne da ke cikin kwamitin unguwa masu hana ɓarna. Yakan hango 'yan karta a ƙarshen lungu tun daga ƙofar masallaci. Ya san wanda ya kunna kaset ɗin kiɗa da wanda wandonsa ya ja ƙasa. Amma danshin da ke ƙarƙashin takalminsa a tsakar gidansa, wannan idonsa bai kai ba.

Sai Amatullahi ta fara. Gudawa da zazzaɓi, ta yi kwanaki a kwance, ta ɗan farfaɗo, ta koma. Yarinyar da surutunta ke hana Goggo jin rediyo ta zama sai ido. Aka kai ta asibiti aka yi mata ƙarin ruwa, ta dawo gida, ta sha ruwan gida, ta koma asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi Yaya wane ruwa ake sha, Yaya ta ce na rijiya, aka ce ta riƙa tafasawa. Ta riƙa tafasawa kuwa. Amma wa zai tsare yarinya ƙarama a tsakar gidan da randa ke buɗe, moɗa na rataye? Goggo ta dama fura da ruwan randa ta ba ta. Yara su wanke mangwaro a bakin rijiya su ba ta. In Yaya ta hana, Goggo ta tsuke fuska.

"Ikon Allah. Ruwan da muka raine ki da shi ne yau ya zama guba? Baki ne kawai ya kama yarinyar nan, ta cika wayo."

Baffa ya je ya karɓo mata rubutu. Ina tsaye aka wanke allon da ruwan rijiyar, aka ɗura mata. Na fita waje don kada in faɗi abin da za a ce na yi rashin kunya.

Da na ga na rasa mai saurarena, sai na ce a je gaban Malam Sha'aban, limamin masallacin ƙofar gidanmu, wanda shi da mamunsa duk daga rijiyarmu ake cika musu butoci. Baffa ya yarda da sauri, abin da ya kamata ya sa in yi zargi. Ya riga ni zuwa da kwanon ruwa a hannu.

"Allah gafarta Malam, ga ruwan rijiyata. Yaron nan ya ce najasa ne. Ya halatta a yi alwala da shi ko bai halatta ba?"

Malam ya karɓi kwanon, ya ɗaga shi wajen haske, ya sunsuna, ya ɗanɗana da bakin harshe. "Launinsa bai canza ba, ɗanɗanonsa bai canza ba, warinsa bai canza ba. Ruwa ne mai tsarki, Alhaji. Alwala ta yi."

"Ka ji ko, Duba-gari?"

"Malam, ni ba alwala nake magana ba. Sha nake magana. Abin da ke kwantar da yarinyar nan ba shi da launi, ba shi da wari."

Malam ya miƙa wa Baffa kwanonsa. "Ni dai abin da aka tambaye ni na amsa. Hukuncin ciki na likitoci ne, Alhaji, a ji tasu."

Amma Baffa ya riga ya miƙe. Rabin farko na maganar ya ɗauka, ya bar wa Malam rabin ƙarshe a kan buzu. Kafin la'asar duk unguwa ta ji cewa Malam ya wanke rijiyar Alhaji Dabo. A nan kuskurenmu yake, kuma ba na Baffa kaɗai ba ne. Mun haddace sharuɗɗan ruwan alwala tun muna yara, sai muka ɗauka duk ruwan da ya isa a wanke fuska da shi ya isa a ba jariri.

Da bazara ta yi zafi, lungun bayan ɗakin Yaya ya fara wari, kyankyasai suka riƙa fitowa ta bakin masai. Maganin wannan a wurin mutanenmu sananne ne: baƙin mai da kananzir. Baffa ya ce in ɗauko jarka in bi shi shagon Callistus, ɗan kudu mai sayar da kayan babur a bakin titi, wanda kanikawan gaban shagonsa ke tara tsohon man inji a durom. Na bi shi don in hana.

"Alhaji Alhaji!" in ji Callistus da Hausarsa ta wanda ya daɗe a gari. "Yau babur ne ba lafiya ko saniya?"

"Masai ne."

"Ah, wannan ba na sayar da fulogin sa. Baƙin mai kake so ko? Ka haɗa da kananzir, kyankyaso ko jikansa ba za ka ƙara gani ba. Ni ma haka nake yi a gidan da nake haya."

Na ce, "Oga Callistus, man nan ba ya narkewa. Yana kashe abin da ke cinye ƙazantar a rami, ya toshe ƙasa, sauran ya bi ruwa."

"Alhaji, wannan ɗan naka lauya ne ko likita?"

"Duba-gari ne. Cika jarkar."

Aka cika. Baffa ya juye ta a masai da hannunsa, ya bi ta da galan na kananzir. Wari ya kwanta, kyankyasai suka ɓace, aka sake yi mini dariya a dakali. A makon nan aka mayar da Amatullahi asibiti. Da na ɗauke ta zuwa bakin titi neman mota, ban ji nauyin komai a kafaɗata ba sai na zanen da aka rufe ta da shi.

Sai ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, irin wanda ke cika kwatoci. Bayansa da 'yan kwanaki, ana shirin sallar azahar, mutane sun jeru a ƙofar masallaci da butocinsu. Baffa ya tsuguna, ya wanke hannu, ya kai ruwa baki don kurkura. Sai ya furzar da shi har kan rigar na kusa da shi.

"Wane shaƙiyyin ne ya zuba min kananzir a buta?"

"Ni ma tawa haka," in ji wani. Na gaba da shi ya sunsuna tasa ya yamutse fuska. Aka shiga gida gaba ɗaya, aka jefa guga. Da ta fito, saman ruwan yana sheƙi da launi-launi, warin kananzir kuwa ko mai mura ya ji.

Malam Sha'aban ya leƙa gugar, ya ɗago ya dubi Baffa. "Alhaji, akwai wanda ya zuba kananzir a rijiyar nan?"

"Babu. Murfinta a rufe yake kwana."

"To ina aka zuba kananzir a gidan nan?"

Goggo ce ta amsa daga bayan labule, "A masai ne, Malam."

"To. In kananzir ya san hanya daga masai zuwa rijiya, abin da aka gina masan dominsa ya riga shi saninta. Ruwan nan ya canza. Kada wanda ya yi alwala da shi."

Na ɗauka yanzu Baffa zai tuna da yarinyar da ke kwance da allura a hannu. Sai ya dafe kai da hannu biyu.

"Sallolina, Malam! Tun yaushe nake salla da wannan? Ramawa zan yi?"

"Lokacin da ruwan bai canza ba, sallarka ta yi. Sallarka tana nan, Alhaji. Jikarka ce a kwance."

Ran nan aka ɗora fallen kwanon rufi a bakin rijiya, aka danne da bulo. Aka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa masu ɗebowa daga burtsatse, Yaya tana tafasa na sha. Amatullahi ta dawo gida, kuma a karon farko ba ta koma ba. Ta fara cin tuwo. Ta fara bin awaki. Wata rana na ji ta tana yi wa Goggo gardama a kan ƙuli-ƙuli, na tsaya a zaure ina saurare kamar ana karanta labarai.

Na ce a tone bututun a gyara, a mayar da sokawe nesa. Baffa ya ce sai bayan damina. Bayan damina ya ce sai ya dawo daga kudu. Da ya dawo daga kudu sai ga shi da masu yasar rijiya. Suka kwashe ruwan tas, suka kankare bango, suka fitar da laka. Sabon ruwa ya taru. Baffa ya ɗebo a kwano, ya ɗaga shi wajen haske, ya sunsuna, ya ɗanɗana, daidai yadda ya ga Malam ya yi.

"Alhamdu lillahi. Babu launi, babu wari. Haulatu, a cika randuna. Kuma daga yau kada wanda ya ƙara zuba kananzir a masai, shi ne ya ɓata mana ruwa."

Na sha gabansa. "Baffa, kananzir ba shi ya ɓata ruwan ba! Shi ne ya tona asiri! Bututun da ka fasa da rodi yana nan a fashe. Ka hana mai ba da labari shigowa, ɓarawon kuma ka bar masa ƙofa!"

"Kai, rage murya. Gidan nan nawa ne ko naka?"

"Yarinyar nan za ta koma asibiti!"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Rai a hannun Allah yake. Malam ya ce wari ne, wari ya tafi. Ni ba zan ƙare rayuwata ina jiran ɗan garuwa ba, ga rijiyar ubana a tsakar gida."

Goggo ta riga ta ɗauki guga. Amatullahi tana gefenta da ɗan kofinta na roba, tana jira.

Yaya Murjanatu ba mai magana ba ce a gaban Baffa. Tun da ta dawo gidan da takaba, in yana tsakar gida kanta a sunkuye yake. Ta je ta karɓe kofin daga hannun 'yarta, ta shiga ɗaki, ta fito da galan ɗin kananzir na rishonta. Ta zo gaban Baffa ta durƙusa har ƙasa.

"Baffa, ka gafarce ni. Ka ce an yashe rijiya, ba ruwanta da masai. In haka ne, wannan ba zai dame ka ba."

Ta miƙe ta shiga bayi. Muna ji ƙul-ƙul-ƙul har galan ya ƙare, ta bi shi da bokitin ruwa. Goggo ta saki guga tana salati.

"Murjanatu!" in ji Baffa. "Ni? A gidana?"

Ta dawo ta sake durƙusawa. "Gobe ma zan zuba, Baffa. Jibi ma. In ka ce in bar gidan, zan bari, amma duk ranar da na zo gaishe ka da galan zan zo. Na binne ubanta. Ba zan binne ta ba don ruwa ya yi haske a kwano."

Abin da na yi shekara ina yi wa mutane faɗa a kansa, shi yayata ta yi a gabana, ban kuma iya cewa ta daina ba.

Kafin Juma'a warin ya dawo cikin guga. Baffa ya sunsuna, ya ajiye, ya aika a kira ɗan garuwa. Ya daina amsa gaisuwar Yaya. Ita kuwa kullum da safe sai ta durƙusa ta gaishe shi, ta wuce bayi da galan. Girkinta ya koma na itace, don kananzir ɗinta ya sami wani aikin. Mamu suka daina aiko da butoci gidanmu, Malam Sha'aban kuma in sun haɗu da Baffa sai ya ce, "Alhaji, yaya rijiya?" ba ya ƙara komai.

Wannan tambayar ce ta ishe shi. Ya kira birkila da mai gyaran famfo. Da aka tone, bututun a dare yake kamar an tsaga rake, bangon sokawe ma ya tsage, ƙasa baƙi ƙirin ta yi hanya ɗoɗar har jikin rijiya. Baffa ya tsaya a kan ramin ya daɗe yana kallo. Aka kwashe tsohon ramin aka cike shi da yashi, aka haƙa sabo can ƙarshen gida bayan garken awaki. Rijiyar kuwa aka ce ba a ƙara sha, sai wanki da yayyafin tsakar gida.

Da yamma na ji shi a dakali yana ba da labari. "Ni dama tun farko hankalina bai kwanta da ramin nan ba. Sha'anin alwala ba wasa ba ne." Abokansa suka ce gaskiya ne Alhaji. Amatullahi ta fito da gudu ta haye cinyarsa tana lalube aljihunsa neman dabino. Ya ɗaga murya ya ce, "Murjanatu, yarinyar nan ta sha ruwan dafaffe kuwa?" Wannan ce maganarsa ta farko da ita tun ranar da ta fara zuba kananzir.

Ga abin da ya sa na rubuta wannan. Maƙwabcinmu na dama ya dawo daga Makka bana. An sauke masa bulo da yashi, na leƙa na ga inda birkila ya ja layi. Sandar kiwo za ta kai. Na yi masa magana, ya ce an ce siminti ba ya yoyo.

Ba kowane gida ke da Murjanatu ba, kuma ban ce ka zuba kananzir a masanka ba, kada ka zuba. Tashi za ka yi. Yanzu, ba bayan damina ba. Je ka tsaya tsakanin rijiyarka da ramin masanka ka duba ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarka. In sokawenka bai taɓa cika ba, tambayi kanka ina yake zuwa. In suna kusa, rufe rijiyar yau, a tafasa abin da yara za su sha, ka kira mai gyara ya tone bututun, ka jefar da rodin. Kada ka jira ruwan ya yi wari. Tashi ka je ka duba.